Baje kolin bisashe: kafin ka taya jar saniyar Kurfai, nemi labarin uwarta

Tsakanin ƙarshen kaka da fitar ɗari ne hukumomi da ƙungiyoyin manoma da makiyaya suka fi son shirya kasuwar baje koli, wadda ƴan lakwal ke kira fuwar. Dalilin a fili yake. An kai dammuna rumbu, garkuna sun gangaro daga arewa da ƙibarsu ta damana, talaka kuma yana da ƴan kuɗi a aljihu. Babbar cikinsu ita ce ta Yamai mai suna SAHEL, wadda aka fara a shekarar 2014 da haɗin gwiwar RECA, wato uwar majalisun manoma da makiyaya ta ƙasa. Akwai kuma gasar bisashe da ake yi a bikin lasar gishiri na Ingal cikin watan Satumba, da bikin Hotungo na Fulani, da ƙananan baje koli na gundumomi waɗanda ba su wuce kwana biyu ko uku.

Duk wanda ya zagaya irin waɗannan wurare ya san inda jama'a ke yin cincirindo. Gaban wata jar saniya ce mai gajeren ƙaho, bakinta baƙi, kewayen idanunta baƙi kamar an zizara mata kwalli. A allon da ke saman turkenta an rubuta Azawak. Sau da yawa kuma za a ga an ƙara da Tukunus, sunan wani gari na ƙasar Kurfai da ke wajen kilomita 20 arewa da Filinge. Tun da yake yawancin masu karanta wannan shafi ƴan kasuwa ne da ma'aikata, kuma su ne ke fitar da kuɗi a gaban wannan turke, ya kamata mu zagaya filin tare, mu ga abin da yake nunawa da abin da ba ya iya nunawa.

Da sassafe ake zuwa

Mai son ganin baje koli da idon basira ya yi sammako, tun kafin manyan baƙi su iso. Da hantsi filin na makaɗa ne da maroƙa da lasifika, ana jawabi da Faransanci ana fassarawa, kowa ya miƙa wuya wajen rumfar manya. Amma da sassafe filin na masu kaya ne. A lokacin ne za ka ga mata suna jera cuku a kan faifai, manoman Bankuku suna zazzage buhunan dankalin turawa da ƙasar Imanan ta yi suna a kansa, ga wake fari da ja, ga zangarniyar gero da aka zaɓo mafi tsawo aka ɗaure da kaba don alƙalai su gani. Wannan sashe ba ya cin lokaci. Hatsi da wake abin da ka gani shi ka saya, in ka ga dama ma ka tauna ka ji.

Sashen bisashe shi ne mai wuyar sha'ani. A can ƙarshen fili ake kafa turaka, nesa da rumfuna saboda ƙura. Tumaki ne a gaba: balami farare masu faɗin kunne, uda waɗanda rabin jikinsu baƙi ko ja ne rabi fari, da ara-ara na Bugaje masu dogayen ƙafafu. Sai awaki, inda jar akuyar Maraɗi ba ta da abokin takara. Sai raƙuma. Daga nan ne ake isa layin shanu, inda ake ware bororo masu dogon ƙaho, da jalli na bakin kogi, da gudali, da kuma azawak. Da sassafen nan ne ake tatsa, kuma a nan mai saye zai ga abin da ba ya cikin jawabi: wace saniya ta tsaya cik aka tatse ta, wace ce sai an ɗaure mata ƙafafu, kuma nawa ya taru a ƙwarya bayan maraƙi ya sha nasa.

Inda jar saniyar ta fito

Filinge tana wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a gefen kwarin Dallol Boso. Idan mutum ya bi wannan kwari ya yi ta yin arewa, ya wuce Abala, zai tarar sunansa ya sauya ya koma Azawak, ƙasar da ta ratsa iyakar Nijar da Mali. Daga can saniyar ta samo sunanta. Abzinawa da Larabawa da Bugajen wannan yanki ne suka raine ta tun kaka da kakanni, a ƙasar da ruwan sama ba ya da tabbas, rijiya kuma tana da zurfi. Hausawa na kiran irinta shanun Adar. Ƙasar Kurfai, wadda ke ƙarƙashin sarautar Mayaƙi, tana daidai mahaɗar noma da kiwo: Kurfayawa na noma gero da wake a jigawa, maƙwabtansu Zabarmawan Tondikandiya da mutanen Imanan da Tagazar haka, garkunan arewa kuma dole ta nan suke bi idan za su gangara kudu da rani ko za su kasuwar Balayara ta ranar Lahadi.

Wannan matsayi ne ya sa Turawan mulkin mallaka suka fara aikin zaɓen irin azawak a Filinge a farkon shekarun 1930. A shekarar 1954 aka mai da aikin Tukunus, aka kewaye daji mai faɗin eka sama da 4.000 irin ta Faransa, aka raba shi gida-gida don a riƙa juya garke daga wannan makiyaya zuwa waccan. Daga baya gwamnati ta buɗe wasu gidajen kiwo, kamar na Ibesetan a jihar Tawa da na Sayam a jihar Difa inda ake kula da shanun kuri, amma Tukunus ce uwa, kuma daga cikinta aka yi ta fitar da bijimai zuwa sassan ƙasa har da maƙwabta irin su Burkina Faso.

To, a nan akwai wani abu da masu saye da yawa ba su lura da shi ba. A garken makiyayi azawak launi-launi ce: akwai ja, akwai fara, akwai mai roɗi-roɗi. Ma'aikatan Tukunus ne suka tsai da launi guda, wato ja mai baƙin baki da baƙin kofato da baƙin bakin wutsiya, suka yi shekaru suna ware duk wadda ta saɓa. Launin nan ya zama tambarin gidan, kamar yadda ɗan kasuwa ke buga hatimi a buhunsa. Amma launi ba ya kawo nono. Ana iya samun jar saniya mai kwallin ido wadda ba ta cika ƙaramar ƙwarya, ana kuma iya samun mai roɗi a mashekarin wani Buzu wadda ta fi ta sau biyu. Dillalai sun daɗe da gane cewa mutanen birni launi suke saye, saboda haka duk jan maraƙin da ya shigo kasuwa sai ya tashi ɗan Tukunus a bakinsu.

Ainihin dukiyar Tukunus littafi ce. Kowane maraƙi da aka haifa ana ba shi lamba, a rubuta ranar haihuwarsa da uwarsa da ubansa, a riƙa auna nauyinsa, in mace ce kuma idan ta haihu a riƙa auna nononta lokaci-lokaci har ta yaye. Da wannan rubutu ne aka san cewa a gidan karsana kan yi haihuwar fari tana da wajen shekara 3, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma akan sami wajen wata 14, saniya mai kyau kuma tana iya ba da lita 800 zuwa 1.000 ko fiye a goyo guda na wata tara zuwa goma. A ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bijimi kuwa yakan kai kilo 350 zuwa 500, ga shi da sanyin hali, yana karɓar karkiya da amalanke ba da gardama ba.

Makiyayi ma yana da nasa littafin, sai dai a ka yake. Bafulatani ko Buzu zai lissafa maka uwar saniyarsa da kakarta da kakar kakarta, ya gaya maka wadda ta tsira a farin 1984, da wadda aka ba kawunsa habbanaye, da wadda ba ta taɓa ɓari ba. Wannan sani bai gaza na takarda ba, in dai ka sami mai gaya maka gaskiya. Abin takaici shi ne, a ranar baje koli ba a cika tambayar kowane daga littattafan biyu ba.

Abin da alƙalai ke gani

Yadda gasar ke gudana sananne ne. Alƙalai, waɗanda galibi likitocin bisashe ne da wakilan makiyaya da na sarakuna, suna bin layi da takarda a hannu. Su dubi tsayuwar dabba, da faɗin ƙirji, da miƙewar gadon baya, da tozo, da hantsa, su buɗe baki su ga haƙora. Wanda ya ci a kira sunansa a lasifika, a ba shi takardar yabo da ɗan abin da ya samu, kuɗi ko buhunan dusa. Ba mu raina wannan aiki ba. Makiyayin da aka kira sunansa a gaban Mayaƙi da kantoma ya sami abin da zai daɗe yana faɗi, maƙwabtansa kuma za su nemi bijiminsa ya yi musu barbara, wanda shi ne babban amfanin gasar.

Sai dai ido ƙiba yake bi, ƙiba kuwa ana iya sayenta. Wanda ke da hali zai ɗaure sa a turke wata uku kafin ranar, ya dinga ɗura masa dusa da harawa da ƙwayar auduga da kanwa, ya wanke shi, ya kawo shi yana sheƙi. Wannan kiwon turke ne, sana'a ce mai kyau, kuma mahauci ya san darajarta. Amma ƙibar turke ba ta bin jini. Mai neman iri yana neman abin da uba zai zuba wa ƴaƴansa ne: yawan nono, saurin ɗaukar ciki, jure tafiya, da iya kai wa damana a tsaye bayan watan Afrilu da Mayu sun cinye ciyawa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake gani a yini guda. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

A ganinmu, gasar da ta fi kowace faɗin gaskiya ita ce ta tatsa, in an yi ta bisa ƙa'ida: a tatse shanun duka da yamma don a fara daidai, sa'an nan a auna na safe da na maraice kwana biyu ko uku a gaban jama'a, a kuma faɗi watannin da kowace ta yi da haihuwa, domin mai sabon goyo ba a gwada ta da wadda ta kusa yaye. Irin wannan gasa ba ta da armashi wajen manyan baƙi, tun da ba wanda zai zauna kwana uku yana kallon ƙwarya. Amma ita ce ke raba gardama, ita ce kuma ke fito da mata fili, alhali su ne masu nonon da cukun da man, su ne suka san halin kowace saniya fiye da mai garken.

Lissafin mai saye

A ƙasar nan saniya banki ce. Ma'aikacin da ya tara ƴan jikkunansa, ko ɗan kasuwar da ciniki ya yi wa kyau, tunaninsa na fari shi ne ya sayi karsana ya ba wani amana a ƙauye, ko ya kafa ɗan garke a bayan gari. Nagge daɗi goma, in ji Hausawa. Ƙidayar da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta nuna shanun Nijar sun haura miliyan 7, kuma bisashe na cikin manyan abubuwan da ƙasar ke sayarwa waje. To amma bankin nan yana da nasa sharuɗɗa, kuma ba a rubuta su a allon turke.

Na farko shi ne lokaci. Wanda ya sayi bijimi yau ya sa a garkensa, sai saniya ta yi wata tara da ƴan kwanaki kafin ta haihu. In Allah ya sa mace ce, sai ta shekara uku, a hannun da ba na Tukunus ba ma huɗu, kafin ita ma ta haihu a tatse ta. Ke nan sai bayan shekara huɗu ko biyar mutum zai san ko bijimin da ya saya na kirki ne. Kafin nan kuma lokacin sauya shi ya yi, don kada ya hau ƴaƴansa iri ya lalace. Wanda ya yi kuskure a ranar saye, shekara biyar ya yi asara, ba kuɗin sa ɗaya ba. Shi ya sa tambayar uwa ta fi duban tozo. Idan an ce dabbar daga gidan gwamnati ta fito, a nemi takardarta, a gwada lambar da ke jiki da wadda ke rubuce. Idan ta makiyayi ce, a nemi ganin uwar ko ƴan'uwanta mata, ko da zai ci mutum tafiyar yini. Ba a cinikin biri a sama.

Haƙora kuwa kowa na iya koyon karanta su. Saniya na da haƙoran gaba takwas a ƙasa, babu ko ɗaya a sama. Na yarinta ƙanana ne, suna faɗuwa bibbiyu manya su maye gurbinsu, biyun farko bayan ta wuce shekara biyu, bakin kuma ya cika wajen shekara biyar. Daga nan sai su fara cinyewa. Dillalin da ya ce maka karsana ce alhali baki ya cika har ya soma lalacewa, ka ce masa albarka ka wuce.

Sai batun cuta. Baje koli taro ne na bisashe daga wurare dabam-dabam, suna shan ruwa a kwami ɗaya. An kawar da bushiya daga duniya, an yi shelar haka a 2011, amma ciwon huhu da ciwon baki da kofato da ciwon da ke sa ɓari suna nan. A tambayi shaidar allurar rigakafi, in an kai dabba gida kuma a ware ta ƴan makonni kafin a haɗa ta da sauran.

Abin da ya fi kayar da mutanen birni shi ne ci. Lita 1.000 ɗin nan da ake faɗi, saniyar da ke kiwo a dajin da aka kewaye ce ke ba da ita, ga ruwa kusa, ga ƙarin abinci da rani, ga likita. Wadda aka ɗaure a kangon gida a Yamai, sai abin da aka saya aka zuba mata. Duk mai bin hanyar Filinge da rani ya ga amalanke da raƙuma da motoci shaƙe da busasshiyar ciyawa da harawa sun nufi birni. Ciyawar nan daga makiyayar wani aka kwashe ta. Wato saniyar ma'aikaci tana zaune a birni tana cin rabon ƴar'uwarta da ke daji, kuma tsadar da mai ita ke kuka da ita a watan Mayu, makiyayi ya riga shi jin ta a jikin garkensa. Dokar kiwo ta watan Mayu na 2010 ta sa ƙa'ida a kan wannan kwasar ciyawa, ta kuma tabbatar wa makiyaya haƙƙin yawo da garkunansu, amma tsakanin takarda da daji akwai tafiya.

Kasuwar kanta ba ta da alkawari. Lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, bisashen Sahel sun yi farin jini a kasuwannin kudu, masu garke suka ji daɗi. Da naira ta faɗi a 2016, fatake daga Najeriya suka ja baya, farashi ya karye a hannun masu kiwo. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli na 2023, a watan Mayu na 2025 kuma gwamnati ta hana fitar da bisashe waje gabanin Babbar Salla don ragon layya ya yi sauƙi a gida. Mai nono ya fi mai jiran fatake kwanciyar hankali a irin waɗannan lokuta, domin madara da cuku a gida ake shan su, kuma har yau ƙasar na kashe kuɗi masu yawa wajen shigo da madarar gari.

Waɗanda ba su zo ba

Akwai wani abu kuma da mai ziyara ya kamata ya riƙe a ransa yana zagaya turakan: layin da yake gani ba shi ne dukan garken ƙasar ba. Tun 2011 aka cire Abala da Balayara daga Filinge aka mai da su gundumomi masu zaman kansu, amma hanyar shanu ba ta san wannan rabo ba, kuma arewacinta ne ya shiga wahala. A watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Abala da wasu gundumomin jihar Tilaberi, a farkon 2020 aka hana yawo da moto a jihar. Ƴan bindiga sun yi ta karɓar bisashe da sunan zakka, ɓarayi sun kore garkuna, iyalai da yawa sun baro rijiyoyinsu sun matso kusa da garuruwa. Makiyayin da ke cikin wannan hali ba zai kora saniyarsa mafi kyau ya kawo ta gaban lasifika a faɗi sunansa da na ƙauyensa ba. Wanda ya nuna dukiya ya kira mai karɓa.

Saboda haka masu cin gasa sun fi fitowa daga cikin na kusa da kwalta, masu motar ɗauko dabba da kuɗin dusa. Su kuwa waɗanda suka riƙe asalin irin, waɗanda shanunsu suka ratsa farin 1973 da na 1984 da masassarar kiwo ta 2010, da yawansu ba a jin ɗuriyarsu a filin. Idan garke irin wannan ya watse, ko aka sayar da shi ga mahauta a kan tilas, littafin da ke kan mai shi ya tafi tare da shi, kuma gidan Tukunus kaɗai, komai ƙoƙarinsa, ba zai iya riƙe wa ƙasa baki ɗaya iri ba. Shi ma yana bukatar sabon jini daga waje lokaci-lokaci.

Masu shirya baje koli na da abin da za su iya yi a nan ba tare da kuɗi masu yawa ba. Su ware gasar iri daga gasar ƙiba, kowace da kyautarta. Su sa a rubuta a allon kowace dabba shekarunta da yawan haihuwar uwarta, ba sunan iri kaɗai ba. Su ɗauki nauyin kawo bisashen makiyaya na nesa ta hannun ƙungiyoyinsu, irin su AREN da aka kafa tun 1990, a kuma bar wanda ba ya son a ambaci ƙauyensa ya yi shiru da shi.

Da la'asar, bayan manyan baƙi sun tafi an fara kwance rumfuna, a lokacin ne cinikin gaske ke tashi. Wanda ya kawo dabba daga nesa ba ya son ya koma da ita, dillalai sun sassauto, motocin Yamai sun juya baya sun buɗe ƙofa. Ma'aikacin da ya iso da hantsi zai nufi wadda aka rataya wa takardar yabo. Tsofaffin makiyaya kuwa, waɗanda suka kwana a filin suka ga tatsar asuba, sau da yawa za ka same su can ƙarshen layi, sun kewaye wata saniya marar ƙiba da maraƙinta a gefe, suna tambayar mai ita ko zai sayar da ɗan.